Suna na Goma Sha Biyu a Tagar Amare

Shafi na 27

Masu zagin Crispin a ƙarƙashin shafin jiya, na ga saƙonninku. Ku rage sauran zagin, za ku buƙace shi yau.

*

Kafin ƙarfe goma na safe Rosalind Verrall ta hau matakalar gidansu, Penlow, sau huɗu ta sauko, ita kanta ba ta san abin da take nema ba. Ƙarfe goma sha biyu lauyansu Tunstall zai iso da takardu. Ita da ƙaninta Crispin za su sa hannu a madadin mahaifiyarsu, wadda shekara biyu ke nan tana gidan kula da tsofaffi, ba ta gane kowa sai mai kawo mata shayi. Da sun sa hannu shi ke nan. Gida mai shekara ɗari biyu da hamsin, da eka ɗari huɗu, da tafki, da lambu, duk sun koma hannun kamfanin da zai mayar da wurin otal na bukukuwan aure.

Ba rabuwa da gidan ce ta hana ta zama ba. Rufin yana yoyo a wuri goma sha huɗu, ta gaji da jeren bokitai. Abin da ke cin ranta Dilys ce.

Dilys Probert, mai kula da gidan, shekararta saba'in da ɗaya. A ɗan gidan nan na bakin ƙofar shiga aka haife ta, lokacin ubanta yana aikin lambu, kuma a can take har yau. Ita ta raini Rosalind, ita ta raini Crispin. Kamfanin kuwa ya ce so yake kowa ya tashi, har daga ɗan gidan bakin ƙofa, kafin ƙarshen wata.

Kwana uku da suka wuce Rosalind ta daure ta faɗa mata. Tsohuwar ta dube ta, ta ce, "To." Sannan ta tambaye ta ko ƙwai ɗaya za a dafa mata ko biyu.

Wannan "To" ɗin ne ya hana Rosalind sakat.

A hawa na biyar ta tsaya inda matakalar ke juyawa, gaban doguwar tagar da ake kira Tagar Amare. Tun da aka gina Penlow, duk amaryar da ta shigo sai ta kankare sunanta da shekarar aurenta a jikin gilashi ɗaya, da lu'ulu'un zobenta. Suna goma sha ɗaya ne. Haka ma dillali ya buga a takardar tallan gidan, don tagar ce ta fi komai jan hankalin masu sayen. Rosalind ta ciro waya za ta ɗauki hoton sunan mahaifiyarta, ko in ta nuna mata wani abu zai motsa.

Sai ta ga haske ya yi yawa a wurin.

Akwai wani ƙyauren katako a gefen hagu na ƙasan tagar, wanda tun tana yarinya a kafe yake da ƙusoshi. An ce musu ruɓewa ya yi. Jiya mai duba gini na kamfanin ya bi duk tagogin gidan yana buɗewa, ashe har wannan ya ɓamɓare.

Ta durƙusa.

Ga sunan kakarta, Honor, 1946. Ga na mahaifiyarta, Cecily, 1976. A tsakaninsu, a gilashin da aka ɓoye, ga wani rubutu ƙarami, a karkace.

Dilys Verrall, 1971.

Ta karanta sau uku.

"Crispin!"

Ya fito daga ɗakin littattafai da waya a kunne, da kwat ɗinsa ta waje a jiki, don tun da ya zo daga London yake cewa gidan kabari ne.

"In kuka za ki yi, Ros, yi yanzu ki gama. Tunstall ba ya son ganin hawaye, atishawa suke sa shi."

"Hau nan."

"Ina magana da..."

"Na ce ka hau nan!"

Ya kashe wayar, ya hau yana tsaki. Ta nuna masa da yatsa. Ya ɗan leƙa, ya miƙe, ya zuba hannu a aljihu.

"Mai aiki ta yi wasa da gilashi shekara hamsin da suka wuce. Sai me?"

"Da me ta yi wasan? Da cokali?"

"Ina na sani?"

"Gilashin nan lu'ulu'u kaɗai ke cin sa, ka sani na sani. Kuma Verrall ta rubuta. Sunanmu."

"Kowace yarinya tana mafarki."

Ta tsura masa ido. Ta san shi tun yana fitsarin kwance, in ya yi ƙarya kunnensa na hagu ja yake yi.

"Ba ka yi mamaki ba."

Kunnensa na hagu ya yi ja.

"Crispin, yaushe ka gani?"

"Jiya."

"Jiya! Muka ci abinci tare, ka ce wa Dilys miyarta ta yi gishiri, ka je ka kwanta?"

"Na ce wa mutumin ya mayar da ƙusoshin, ya ce sai Litinin. Ba laifina ba ne."

"Abin da ya dame ka ke nan? Ƙusoshi?"

Ya kamo gwiwar hannunta, ya sassauta murya.

"Saurare ni, Ros. Kin tuna abin da wasiyyar Baba ta ce?"

"Ya bar wa Mama gidan."

"A'a. Tuna da kyau."

Ta tuna. Ranar da aka karanta, bayan jana'iza, har ta ji daɗin kalmar, ta ce a ranta ashe Baba ya iya soyayya. Na bar Penlow da duk abin da ke cikinsa ga matata.

"Bai sa suna ba," ta ce a hankali.

"Bai sa ba. To ki yi tunani da kanki, ba da wannan zuciyar taki mai ruwa-ruwa ba. In rubutun nan gaskiya ne, in ba a taɓa raba su ba, Mama ba matar aure ba ce. Shekara arba'in da biyar tana zaune a gidan wata. Ni da ke kuma ki nemo mana suna."

"Kai dai ba ka da..."

"Ba ni da komai, na ji. Awa biyu kacal nake roƙo. Ki rufe bakinki awa biyu. Ita da ke da maganar ta yi shiru shekara hamsin, ke ce za ki fi ta zafi?"

Ta fizge hannunta ta sauka. Tana ji yana kiranta, ba ta waiwaya ba.

*

Kicin ne kaɗai wuri mai ɗumi a Penlow. Dilys na tsaye gaban tebur tana yanka burodi sirara-sirara, tana shafa man shanu, tana jera cuku. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Goge ƙafarki, yanzu na wanke ƙasan nan."

Rosalind ta goge. Shekararta arba'in da biyar, amma ta goge.

"Dilys."

"Tunstall ba ya cin albasa. Ki tuna min in na manta."

"An buɗe ƙyauren."

Wuƙar ta tsaya.

Ta tsaya kamar ƙiftawar ido biyu, sannan ta ci gaba da yanka.

"Wanne daga ciki? Gidan nan ƙyaure ɗari da wani abu gare shi, duk ni ke goge su."

"Kada ki yi min haka. Don Allah kada ki yi min haka yau."

Tsohuwar ta ajiye wuƙar, ta goge hannu a gaban rigarta, ta ja kujera ta zauna. Rosalind ba ta taɓa ganin ta zauna a kicin da rana ba.

"Har yanzu yana karantuwa?"

"Rangaɗau."

"Da ƙyar na rubuta shi. Zoben ya yi min yawa, na kakar ubanki Hugh ne."

"Kenan gaskiya ne."

"Ranar Talata ce, ana ruwa. A ofishin rajistar aure na garin kasuwa. Ina da sha tara, Hugh yana da ashirin da biyu. Shaidunmu wani mai sayar da kifi ne da matarsa, a titi muka tsayar da su. Har yau in na ji ƙarnin kifi sai in tuna aurena."

Ta ɗan yi dariya. Rosalind ta kasa.

"Wa ya kai ku ƙara wurin Kaka?"

"Ba kowa. Ni na tona kaina da hannuna."

"Kamar yaya?"

"Mun shirya mu ɓoye shekara guda, har ya gama karatu. Da na kama bakina da an wuce wurin. To amma ni a gidan nan na tashi, Rosie. Tun ina da shekara goma ake ɗora ni kan tsani in wanke tagar nan, na haddace sunayen matan nan kamar addu'a. A ganina takarda ba aure ba ce. Sai sunanki ya hau gilashi kin zama matar Penlow. Na jira ranar da suka tafi coci, na hau na rubuta."

"Kaka ta gani."

"Bayan kwana tara. Tsohuwar nan ko ƙuda ya mutu a taga sai ta sani. Ta kira ni, ta sa na riƙe mata ƙusoshi, ita da kanta ta riƙe guduma."

"Ta sa ki riƙe..."

"Ni na riƙe. Kin san abin da ke ba ni dariya? Da ta fasa gilashin da magana ta ƙare. Ta iya raba aure, amma ta kasa fasa gilashin da aka sa tun zamanin kakan kakan mijinta."

Rosalind ta tashi, ta je bakin murhu, ta dawo, ta sake zama. Ƙafarta ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

"Baba fa? Me ya yi?"

"An sa shi a jirgi zuwa Kanada, wurin kawunsa. Ya yi kuka, in wannan zai sanyaya miki rai. Ya iya kuka."

"Sai aka raba auren."

"Ta kawo min takarda. Ta ce in sa hannu in kai gidan waya, lauyoyi za su ƙarasa sauran. Ba ta taɓa zaton 'yar mai lambu za ta ji umarninta ta ƙi bi ba, don haka ba ta bi sawu ba. Ta rubuta masa cewa an gama."

"Ba ki sa hannun ba."

"Ban sa ba."

"Me ya sa?"

"Na ɗauka zai dawo." Ta gyara wani yankan burodi da bai karkace ba. "Ya kuwa dawo. Bayan shekara huɗu, da mahaifiyarki a gefensa."

"Kika yi shiru?"

"Ni na goge mayafan teburin bikin. Guda talatin da biyu."

"Dilys!"

"Kada ki yi min ihu a kicina. Me kike so in yi? In tashi a coci? Ubana aikinsa a nan yake, gidansa a nan yake. Kuma mahaifiyarki ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri. Na so in tsane ta, wallahi na gwada, abin ya ƙi. Ina cewa baɗi zan tafi, baɗi zan tafi, sai ga ki. Jaririya mai ciwon ciki, ba ki barin kowa ya runtsa. Aka miƙo min ke. Daga nan ina zan je?"

Hawayen da Rosalind ke riƙewa suka ɓalle. Kunya ce ta fi yawa a cikinsu. Ta tuna duk safiyar da ta bar wa matar nan kofi a kan matakala ta ɗauke, duk Kirsimetin da ta miƙa mata safar hannu a matsayin kyauta tana jin ta yi abin kirki.

"Baba ya sani? Cewa ba a raba ba?"

"Shekara takwas da suka wuce, da ya yi faɗuwar farko. Na ɗauka tafiya zai yi, na ce kada ya tafi bai san ko mijin wa ba ne. Sai ya ƙi mutuwa. Sati na zagayowa ya kira Tunstall ya sake wasiyya."

"Matata."

"Matata." Ta girgiza kai. "Ubanki mutumin kirki ne, Rosie, amma matsoraci ne tun daga gashin kansa har tafin ƙafa. Ya kasa zaɓa yana da ashirin da biyu, ya kasa yana da sittin da shida. Ya bar mu mu biyu da kalma ɗaya, ya je ya kwanta abinsa."

"Takardar auren tana nan?"

"A gwangwanin biskit, ƙarƙashin zaren saƙa. Yau da asuba na buɗe murhu zan jefa ta. Hannun ya ƙi."

"To me ya sa kika ce min 'To'? Na zo na ce ki tattara ki bar gidan da aka haife ki, kika ce 'To'!"

"Me zan ce? In kai mahaifiyarki kotu? Matar da ba ta san sunan kanta ba? In sa a buga ku a jarida?"

"Gidanki ne!"

"Me zan yi da ɗaki ashirin da uku da bokiti goma sha huɗu? Ni ɗakuna biyuna nake so, da itacen tuffan da ubana ya dasa."

Ta kau da kai wajen taga.

"An nuna min inda za a kai ni. Hawa na huɗu, tagar tana kallon wurin ajiye motoci. Ban taɓa kwana ko'ina ba sai nan, Rosie. Tsoro nake ji. Ga shi na faɗa, kin huta?"

Rosalind ta miƙa hannu za ta riƙe nata. Sai ga ƙarar tayoyi a kan tsakuwa.

Dilys ta miƙe tsam, kamar ba ita ba. Ta ɗora butar shayi a wuta.

"Ga shi nan, kullum sai ya riga lokaci. Je ki wanke fuska, kin yi kama da wadda aka tsamo daga tafki."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Kuɗin nan ne zai riƙe mahaifiyarki inda ake kula da ita. Ki shiga, ki sa hannu, ki yi masa godiya. Ba ki ga komai a taga ba."

"Dilys..."

"Miss Rosalind, baƙo yana bakin ƙofa."

Tun tana da shekara sha biyu rabon da Dilys ta kira ta haka, ranar da ta yi ƙarya a kan wani tulu da ta fasa.

*

A ɗakin cin abinci Mista Tunstall ya baje takardunsa. Tsoho ne siriri, shekara talatin yana lauyan gidan, kuma har yanzu sai an ce ya zauna yake zama. An riga an sauke zanen kakanni daga bango, sai tabon wuraren da suka rataya. Crispin ya zauna kusa da Rosalind, kusa sosai, gwiwarsa na taɓa tata.

"Ba zan ɗauke ku lokaci ba," in ji Tunstall. "Wuri uku kowannenku zai sa hannu. In na koma ofis na kira lauyan kamfanin muka yi musayar takardu, ciniki ya ɗauru, babu mai janyewa."

"Madalla," in ji Crispin. "Ina alƙalamin?"

"Saura tambaya ɗaya, Mista Verrall. Ƙa'ida ce, dole in yi ta da baki kafin ku sa hannu."

Ya gyara tabarau. Bai dubi takardar ba, Rosalind ya duba.

"A iya saninku, ban da mahaifiyarku, akwai wani mai rai da ke da wani haƙƙi a kan wannan gida?"

"Babu," in ji Crispin.

Ya fizgi alƙalamin, ya rattaba hannu wuri uku kamar ana korar sa, ya turo mata takardar.

"Ke fa, Miss Verrall?"

Ta ɗauki alƙalamin. Ɗumin hannun ƙaninta na jikinsa. Ta ga fuskar mahaifiyarta a kujerar nan ta bakin taga, tana murmushi ga kowa don ba ta san kowa ba. A ƙarƙashin tebur takalmin Crispin ya hau kan nata ya danne.

"Ros," ya ce cikin haƙora, yana yi wa lauya murmushi. "Mutum yana jira."

"Ban ji amsarki ba, Miss Verrall."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, a hankali, aka turo ta da kafaɗa.

Dilys ce ɗauke da babban tire. Ta sake riga mai tsabta, ta gyara gashinta. Kofunan suna ɗan kaɗawa don tiren ya fi ƙarfinta, ya daɗe da fin ƙarfinta, ba wanda ya lura.

"Shayi, Mista Tunstall. Ban sa albasa ba."

"Ajiye can ki ba mu wuri, Dilys," in ji Crispin. "Muna tsakiyar abu."

"To," in ji ta.

Rosalind ta ajiye alƙalamin.

Ta zare ƙafarta daga ƙarƙashin tasa, ta miƙe, ta zagaya teburin. Ta karɓi tiren daga hannun tsohuwar. Dilys ta riƙe gam, tana girgiza mata kai, idonta na roƙo. Rosalind ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta dire tiren a kan takardun.

"Rosalind!" Crispin ya miƙe har kujerarsa ta kife. "Kada ki kuskura!"

Ta je kan teburin, ta ja kujerar mahaifinta, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Misis Verrall," ta ce, "zo ki zauna. Gidanki ake sayarwa."